Inda na kai a ginin Rathalos da yumɓu

'Yan'uwa masu koyon ginin yumɓu, ga inda aikin Rathalos ya tsaya. Na gama ɗaure ƙashin waya, na cika ƙirji da cinyoyi da takardar alminiyam don kada nauyi ya yi yawa, yanzu kuma ina kan fukafukai.

Ga wanda bai san shi ba, Rathalos jan dodo ne mai tashi sama, wanda kamfanin Capcom ya fito da shi a wasan bidiyo na Monster Hunter na farko a 2004. Ana masa kirari da Sarkin Sararin Sama. Abin da ya sa na zaɓe shi kuwa, yawan baƙuncin da yake yi ne a wasannin wasu. Ya leƙa Metal Gear Solid: Peace Walker a 2010, sannan a 2018 ya bayyana a Final Fantasy XIV da kuma Super Smash Bros. Ultimate. Ke nan mai koyo yana da damar ganin halitta ɗaya a hannun masu zane daban-daban, ya gane abin da kowa ya ƙi taɓawa.

Na jera hotunansa daga waɗannan wasanni na yi ta kallo. Haske ya bambanta, kaifin zane ma haka, amma tsayuwarsa tana nan. Ƙafa biyu gare shi, fukafukan kuma su ne hannayensa, kamar na jemage. Duk wanda ya ƙara masa ƙafafun gaba ya gina wani dodo ne daban. Wuya yana miƙewa gaba, jela tana ja baya da dunƙulen ƙayoyi a ƙarshenta, ita ce ke daidaita nauyin jiki. Shi ya sa na tsawaita wayar jelar, na kuma dasa ƙafafun biyu a cikin katako tun kafin in ɗora yumɓu.

Faɗan da ke cikin Final Fantasy XIV ya fi ko'ina amfanar da ni. A wannan wasan an saba nuna wa ɗan wasa alama a ƙasa kafin hari ya sauka, amma da Rathalos sai an karanci jikinsa. Idan zai feso wuta, sai ya ja kai baya, ƙirji ya buɗe. Wannan ɗan lokacin nake so in kama. Na lanƙwasa wayar wuyan baya kaɗan, na buɗe muƙamuƙi, sai ga shi ya yi rai tun ba a yi masa idanu ba.

Fukafukan suna neman haƙuri. Ina murza yumɓu ya yi siriri sosai, in shimfiɗa shi tsakanin yatsun waya, in bi gefen da jiƙaƙƙen ɗan yatsa har mahaɗin ya ɓace. Baƙin zanen da ke kansu sai a wurin fenti.

Shawarata gare ku, kada ku yi gaggawar zana ɓawon fata. Ku riƙe abin a gaban fitila ku duba inuwarsa a bango, in ba a gane shi a inuwa ba, ku koma kan waya. Da fukafukai sun bushe zan shiga faratan ƙafa masu dafi, daga nan in fara ƙashin matarsa Rathian, koriyar nan mai ƙaya a haɓa.