Wata bakwai ina zargin abinci, ashe borin jinin daga jikina yake

Har yanzu in na ga littafin nan da na cika da sunayen abinci sai raina ya ɓaci. Wata bakwai ina rubuta duk abin da ya shiga bakina, in bar wannan, in bar wancan, har wando ya fara zame mini daga ƙugu. Borin jinin ko gezau. Da yamma jikina ya yi rudu-rudu, in kwana ina susa, kafin rana ta take wurin ya lafa kamar ba a yi ba, sai ya ɓullo a wani gefen. Wata safiya ma na tashi leɓena ya kumbura suntum.

Da na miƙa wa likitar fata littafin, shafi biyu ta duba ta ajiye. Ta ce borin jinin da ya wuce mako 6 yana dawowa da wuya a ce abinci ne. A cikin fata akwai wasu ƙwayoyin garkuwar jiki da ake kira mast, cike suke da sinadarin histamin. In aka tsokane su sai su zazzage shi, ƙananan hanyoyin jini su buɗe, ruwa ya tsattsafo cikin fata, shi ne kumburin. Histamin ɗin ya kuma taɓa jijiyoyin da ke kai saƙon ƙaiƙayi. A wurin mutane da yawa irina, garkuwar jikin ce da kanta take ƙera abin da ke tsokanar ƙwayoyin. Ni kuwa ina can ina tuhumar tukunya.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda nake shan magani. Setirizin yana hannuna tun farko, amma sai abin ya tashi nake haɗiya. Ashe shi tare wuraren da histamin ke kamawa yake yi, ba ya share wanda ya riga ya yi ɓarna nan take. Kullum ake sha, ko fata lafiya lau take. Da ƙwaya ɗaya ba ta isa ba, ta ƙara mini a hankali, ta ce likita na iya kai shi har ninki 4, amma kada in kuskura in ƙara da kaina.

Sai ta tambaye ni me nake sha in kaina na ciwo. Ibufurofen, kusan kullum, saboda rashin barcin da susar ke jawo mini. Shi da asfirin suna iya rura wa wasu masu wannan ciwon wuta. Wata bakwai ina rubuta kowace loma, ban taɓa rubuta ƙwayar nan ba ko sau ɗaya.

Yanzu mako 5 ke nan ina barci har safe. Na koma cin duk abin da na ƙaurace wa, ba abin da ya faru.