Bel mai gaɓoɓi ya ci kuɗina kafin ya yi mini rana

Injin zarton da ke zauren gidana a unguwar Birni ta Damagaram tsoho ne na hannu, na saye shi wajen wani kafinta da ya tattara zai koma Maradi. Ni ba kafinta ba ne, malamin makaranta ne. In an tashi lakwal, ko ranar Lahadi, nakan ɗan ƙera benci ko akwatin littattafai. Tun ranar farko injin nan rawa yake. Na kunna shi, kofin shayin da na ajiye a kan teburinsa sai ya kama tafiya da kansa har ya kai baki. Katako kuwa in ya fito, bakin yankan kamar ɓera ya gaigaya.

A waya na ga wani Bature ya tsayar da kwabo a tsaye kan injinsa, inji na aiki, kwabo bai faɗi ba. Wai sirrin bel ne. Ba irin baƙin nan na roba da muka sani ba, wanda masu faransanci ke ce wa kurwa. Wannan gaɓa-gaɓa ne, kowace da ɗan harshenta da ake zurawa cikin ramin ta gaba a murɗa, har a haɗa tsawon da ake so. Da wata roba mai tauri ake yin sa, an ƙarfafa ta da zaren poliyesta. PowerTwist na kamfanin Fenner ja ne, Accu-Link kore. Ban tsaya tambayar kowa ba, na ba wani direba mai zuwa Kano saƙo, na ce a samo mini mai kauri, mai ƙarfi.

Ƙannena, ku lura da wannan magana tawa, mai kauri. Ita ta fara cin kuɗina. Bel ba a sayensa da ido, lamba gare shi. Mai alamar Z faɗinsa milimita 10, A milimita 13, B milimita 17. Pulina, wato ƙarfen nan mai kwari da bel ke zagayawa a kai, na A ne, aka kawo mini B. Irin wannan bel da gefunansa biyu yake kama puli, dole ya nutse cikin kwarin ya zauna daram. Nawa a sama ya ɗare kamar yaro a kan jaki. Ga shi an riga an yanko, ba mayarwa. Har yau yana rataye a ƙusa, ina gaishe shi kullum. Da na juya tsohon bel ɗin na duba bayansa, ashe lambar tana nan a rubuce, ƙura ce kawai ta rufe ta.

Na biyu ya zo daidai, ni kuma na ɓata shi wajen ɗaurawa. Takardar da ke cikin ledar ban karanta ba, ni da nake faɗa wa yara kullum su karanta tambaya kafin su amsa. Akwai ƴar kibiya a bayan gaɓoɓin mai nuna inda bel zai nufa, na sa ta tana kallon baya. Kuma na haɗa shi daidai tsawon tsoho, ban san sabo yana miƙewa ba. Ka'idar ita ce ka zagaya shi kan puli biyun ka ja da hannu ya ɗame, ka ƙirga gaɓoɓin, cikin kowace 24 ka cire ɗaya. Ana haɗa bakin biyu harsunan suna waje, don yatsa ya samu wurin murɗawa, sannan a juya shi harsunan su koma ciki. Bayan ya yi aikin yini guda a sake dubawa, in ya saki a ƙara cire gaɓa. Ni da ban yi ko ɗaya ba, ina tura jan katako sai zarto ya tsaya cik, moter na ta gudu, bel na sulɓi yana wari.

Na gyara duk wannan, na ɗauko dala ashirin na tsayar a kan tebur, na kunna. Ko ƙiftawar ido ba ta yi ba ta kwanta.

Nan ne na yi abin da ya kamata in fara da shi. Na ɗauko wani dattijon makaniki daga Zango a kan babur. Bai ko kalli jan bel ɗina ba, ya ce in cire shi. Na ce, "Baba, ai sabo ne, ku duba." Ya ce, "Malam, cire dai." Ya kunna moter shi kaɗai, lafiya lau, ba rawa. Ya kashe, ya zare waya daga bango, ya kama pulin zarto ya girgiza. Sai ga shi yana motsi, ɗan notin da ke riƙe shi a jikin sandar da ke juya zarto ya kwance. Ya ɗora doguwar rula ta ƙarfe a fuskar puli biyun, ta taɓa ɗaya, ɗayan kuwa har yatsana yana shiga tsakani. Daga nan ya juya sandar a hankali da hannu, ya ce in kasa kunne. Wani ƙuruƙuru nake ji kamar ana niƙa tsakuwa. Boris ne, wato zoben nan mai ƙwallayen ƙarfe da sandar ke juyawa a ciki, ƙurar hunturu da garin katako sun shige sun cinye man. Ya ce, "Ciwo na ciki, kai kana ta sauya masa riga."

Ba ina cewa bel ɗin banza ba ne. Akwai rawar da shi ne maganinta. Mu masu inji a gida mukan bar shi sati biyu, uku ba a kunna ba, kuma zafin Afrilu da Mayu a Damagaram kun san shi. Baƙin bel yakan sandare da siffar pulin da ya kwana a kai, in aka kunna sai wannan doron ya riƙa dukan puli a kowane zagaye. Mai gaɓoɓi ba ya yin haka. Ga injin da sai an kwance sanda da boris kafin bel ya shiga, kamar wasu injunan fiƙe katako, wannan zura shi kawai za ka yi ka ɗaure. In gaɓa ɗaya ta lalace ita kaɗai za ka sauya. Amma ya fi baƙin tsada nesa, ba ya hawa pulin da aka yi wa siririn bel mai layi-layi, kuma a kan ƙaramin puli harsunan kan taɓa gindin kwarin. In kullum injinka na aiki, sabon baƙin bel mai lamba daidai daga kasuwar Dole ya ishe ka. In biyu ne a jere, ƙirga gaɓoɓin su zo ɗaya.

Saura murfi. Don ina yawan cire gaɓa, na bar murfin bel a ƙasa kusan wata guda. Wata Juma'a na dawo masallaci da riga mai faɗin hannu, na ce bari in yanke ɗan guntu ɗaya. Na sunkuya ɗaukar fensir, sai na ji an fizge ni. Allah ya taimake ni yadin ya tsufa, ya yage daga kafaɗa. Uwargida ta ga rigar ba ta ce komai ba, ta dai aiko yaro da sukudireba da notuna huɗun murfin a cikin faranti.

Boris biyu muka sauya, Baba ya ɗaure notin, muka matsa da moter har rula ta kwanta a kan puli biyun. Dala ashirin ta tsaya. Da na ce masa ashe jan bel ya yi aiki, sai ya sa aka mayar da tsohon baƙin, ya kunna. Ta ɗan yi makyarkyata, amma ba ta faɗi ba. Ya ɗauke ta ya jefa aljihu, ya ce kuɗin goro ne.