Kuɗin moton da na zubar kafin motata ta iya dirif

Motar rimot mai jan ƙafar baya ba ta yafiya. Duk wanda ya fara da ƙananan nan masu jan ƙafa huɗu, irin WLtoys K969 da ake zagaya ƙafar tebur da ita a falo, yakan ɗauka ya iya dirif, wato sa mota ta sha kwana bayanta yana zamewa, domin da ka murɗa sitiyari ka danna totur sai ta sulale a karkace, ko ka iya ko ba ka iya ba. Ni ma a can na fara. Da wannan ƙarfin gwiwar na sayi Yokomo YD-2 ta hannu, sikeli 1:10, wato kashi ɗaya cikin goma na tsawon motar gaske, a wurin wani da ya gaji da wasan. Motar lafiyarta lau, kada wani ya karanta wannan ya ce na kushe ta. Tun da kamfanin nan na Japan ya fito da ita a 2016 masu dirif suke yabonta, kuma sun yi gaskiya.

Haɗa ta bai ba ni wahala ba. Na wanke boris, na zuba sabon mai a shokozoba, na ɗaure abin da ya kwance. Sarbon da ke murɗa sitiyari ne kawai ya gaji, yana rawa shi kaɗai, sai na sa sabo. Da na kunna, na ga in na murɗa dama tayoyin sai su yi hagu. Wannan ba komai ba ne, kowane rimot yana da wurin juya tashar sitiyari. Na juya, dama ta koma dama, na rufe bodi. A nan duk labarin yake, amma sai da aljihuna ya ji jiki kafin na gane.

Na ajiye ta a kan tarazon barandar gidanmu. Da na taɓa totur sai ta yi katantanwa. Na rage, ta sake. Ko tafiya miƙe ta gagara: bayan ya ɗan goce kaɗan, kafin in ƙifta ido hancin ya koma inda ya fito. Na duba kamba, wato yadda tayoyi suke kwanciya ciki ko waje, na duba buɗin tayoyin gaba, na matsar da batir baya, na dawo da shi gaba. Na ƙara ƙarfin jairo, 'yar na'urar da ke taya direba gyara sitiyari, abin ya ƙara lalacewa, kuma da ina da natsuwa wannan kaɗai ya isa ya faɗa mini inda cutar take. Sai na ɗauka hannuna ne bai faɗa ba.

Ana haka na kai ta wurin wani mai sayar da kayan rimot, wanda galibin kasuwarsa jirage marasa matuƙi ne da manyan motocin tsalle a yashi. Ya juya ta, ya leƙa ciki, ya ga moton da ta zo da shi, tsohon samfurin 540 mai buroshi, mai naɗi 27, wato yawan naɗin wayar da ke cikinsa. Ya yi dariya.

"Haba maigida, da wannan kake son yin dirif? Ai ƙarfi ne babu. Taya ba ta wulwulawa yadda ya kamata, shi ya sa take kama ƙasa tana juya ka."

Magana ta shiga kunne, don ta yi kama da gaskiya. Ya fito mini da moto mara buroshi, 4300KV (lambar da ke nuna saurin juyawarsa), haɗe da akwatin sarrafa gudunsa, ya ce da wannan ko bango sai ta hau. Kuɗin ya haura rabin abin da na sayi motar da shi. Na biya ina murna.

Bango kuwa ta hau. Katantanwar da take yi a hankali ta koma yinta da gudu, ta daki ƙafar gini, hannun sitiyari na hagu ya karye, bodi ya tsage daga fitila zuwa gilashi. Kayan gyaran irin wannan mota kuma ba a zagaya kasuwa a samo su, sai an yi oda daga waje an zauna jiran jirgi. Moton nan ba shi da sensa, abin da ke gane inda juyawarsa ta kai, saboda haka in ka taɓa totur a hankali sai ya yi ta tari yana fizga, sannan ya ɓalle gaba ɗaya. A wasan da rayuwarsa duka tana cikin ɗan taɓin farko na totur, babu abin da ya fi wannan muni. Har yau in na buɗe akwatin kayana na gan shi a kwance sai raina ya sosu. Ban ce mutumin ya cuce ni da gangan ba. Abin da ya sani ya sayar mini, kuma a motar yashi maganarsa daidai ce. Abin da ban yafe ba shi ne yadda ya yanke hukunci ba tare da ya ko kunna motar ba.

Ɗan yayata ne ya warware matsalar, yaron da ke koyon gyaran waya kuma yake wasa da ƙaramin jirgi mara matuƙi. Bayan kayan sun iso na gyara, ya ɗauki motar a kunne, ya riƙe ta a sama yana karkata hancinta hagu da dama, yana kallon tayoyin gaba.

"Kawu, wannan abin naka ai taya ta yake yi ta faɗi. Duba, in na juya ta hagu shi ma hagu yake bi."

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa tsayawa ya lura ba. Aikin jairo shi ne ya ji lokacin da motar ta fara juyawa, ya murɗa tayoyin gaba zuwa ɗaya gefen da saurin da yatsan mutum ba zai iya ba. In bayan mota ya goce dama, hancinta zai karkata hagu, jairo kuma ya murɗa taya dama don ya tare ta. Amma shi jairo a tsakanin risiba, mai karɓar umarnin rimot, da sarbo yake zaune. Lokacin da na juya tashar sitiyari a rimot, umarnina kaɗai na juya. Nasa umarnin yana nan yadda tsohon mai motar ya saita shi don tsohon sarbo, sabon kuwa ɗaya gefen yake juyawa. Saboda haka duk sanda motar ta goce, sai ya ƙara tura ta. Shi ya sa ƙara masa ƙarfi ya ƙara ta'azzara lamarin. Na bar jaki ina ta dukan taiki.

Ɗan maɓalli ne a jikin jairon, da bakin ƙaramar sukurudireba ake taɓa shi. Yaron ya juya shi. Na cire sabon moton a daren nan, na mayar da tsohon mai naɗi 27 da aka yi wa dariya. Motar ta tafi miƙe. Na murɗa, na ba ta wuta kaɗan, bayan ya fita, ya tsaya a inda ya fita, ta zagaye ginshiƙin baranda a karkace ta dawo gabana. Ihun da na yi sai da aka leƙo daga cikin gida.

To, duk wanda ya taɓa sarbo, ko ya canza rimot, ko ya ɓamɓare jairo ya sake manna shi, ya ɗaga motar ya yi wannan gwajin kafin taya ta taɓa ƙasa. Ka juya hancin hagu, taya ta kalli dama. Ka juya dama, ta kalli hagu. Kamar dai tayoyin sun nace sai sun ci gaba da kallon inda suke kallo. Bai kai minti ɗaya ba, kuma ba a biyan ko sisi. Sannan in ka kunna mota ka bar ta a ajiye na ɗan daƙiƙu kada ka taɓa, don a lokacin ne jairo yake gane tsakiyarsa. Iyakar murɗawar sitiyari ma a jikinsa ake saita ta a yawancinsu, in ba haka ba zai riƙa tura sarbo ya wuce inda hannuwan sitiyari suka tsaya, har ya ƙone shi. Ƙarfin jairon kuwa ina ƙarawa ne har sai tayoyin gaba sun fara karkarwa a tafiya miƙe, sai in ɗan rage.

Bayan wannan sauran saitin sun fara ma'ana, domin da can ko me na canza sakamakon ɗaya ne. Kamba ta gaba na bar ta a kwance sosai, wajen digiri 7, ta baya kuwa 2 kacal. Batir ya koma baya don tayoyin da ke turawa su sami nauyi. Totur na rage iyakarsa a rimot, na daɗe a haka kafin na saki. Daga baya na sayi moto mai sensa, mai naɗi 13.5, wanda shi da 10.5 ne mafi yawan masu dirif suke amfani da su. Laushinsa daban ne, ba musu. Amma ina so a ji ni da kyau: ƙarin daɗi ya kawo, dirif ɗin tsohon moton ne ya koya mini. A tuna kuma, a lissafin naɗi ƙaramar lamba ita ce mai gudu, kada wani ya ce maka 5.5 ƙaramin moto ne.

Abin da bidiyon Japan ba za su faɗa maka ba shi ne ƙura. Masu dirif na can a kan tayil na roba mai sheƙi ko siminti gogagge suke wasa, a cikin ɗaki rufe. Mu kuwa da hunturu, barandar da ka share da safe kafin la'asar ta yi fari. Tayar dirif roba ce mai tauri, da ma riƙonta kaɗan ne, in ƙura ta shiga tsakani sai ya tafi gaba ɗaya. Motar da jiya take bin hannunka yau sai ta ƙi gaba, taya na wulwulawa a wuri ɗaya. Nan ma zuciya za ta raya maka ƙarfi ne ya yi kaɗan. Ka ɗauko tsumma mai ɗan danshi ka goge filin, ka bari ya bushe, ka goge tayoyin, sannan ka yi maganar saiti. Tarazo ya fi mini tayil, saboda ramukan da ke tsakanin tayil suna fizgar taya. Daɓen siminti mai kaushi kuwa yana cinye taya, ya kuma canza mata siffa.

Batir na LiPo (lithium polymer) mai ɗaki biyu, wato ƙananan batura biyu a haɗe, nake amfani da shi, bolt 7.4, in ya cika 8.4. Zafin Afrilu ba ya raga masa, kada a bar shi a cikin mota a rana. In zan ajiye shi na kwanaki ina sauke shi zuwa 3.8 a kowane ɗaki, kuma a cikin tukunyar ƙasa nake cajinsa, ina kusa. Wanda ya kumbura ya gama aiki.

Koyon tuƙin kansa gorar ruwa biyu ya ishe shi. A fara zagaya ɗaya har da'irar ta daina faɗaɗa tana tsukewa, sannan a koma ɗaya hannun, wanda kullum ya fi wuya, sannan a haɗa su a yi siffar takwas. Wurin sauya gefen nan ne ake sakin totur kaɗan a bar nauyin motar ya juya ta, sitiyari ba ya son a dame shi. Ni har yanzu in tana tahowa wajena hannuna yakan rikice.

Shi kuwa moton 4300KV, wani abokina mai motar yashi ya zo ya gani ya taya. Farashin da ya faɗa bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da na biya ba, na ce masa ya bari tukuna.