Na je kallon gauraka a kogin Platte

Yau Asabar, na yini da azumi a bakina, kuma har yanzu kukan tsuntsayen nan bai fita daga kunnena ba, shi ya sa na ce bari in rubuta kafin barci ya ɗauke ni.

Bayan azahar muka bar Lincoln ni da wani abokin karatuna ɗan nan jihar Nebraska ta Amurka, tun watan jiya yake ta matsa min wai sai na ga wannan abu kafin in koma gida. Awa biyu muka yi a babbar hanyar I-80 zuwa Kearney. Tun kafin mu kai Grand Island na fara hango su a gonakin masara da aka girbe, toka-toka da jan goshi, dogayen ƙafafu, wasu sun kai min ƙugu a tsayi, suna ta kalar masarar da injin girbi ya zubar tun kaka. Ashe wannan kalar ce ke tsayar da su a nan. Daga Texas da New Mexico da Meksiko suke tasowa, su yada zango sati uku zuwa huɗu su yi ƙiba, sannan su nufi Kanada da Alaska, wasu har Siberiya, can za su yi ƙwai. Duk shekara daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Afrilu sama da 500,000 ke taruwa a wannan ɗan yanki na kogin. Na tuna shamuwa, yadda muna yara idan muka gan ta a kan tsamiya mun san damina ta matso.

Mun tsaya gefen wata gona, daga cikin mota muka yi kallo don kar mu kore su. Biyu suka fara rawa, tsalle da buɗe fiffike da sunkuyar da kai, ɗaya har ya ɗauki karan masara ya jefa sama, wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai.

Amma abin da ya kai ni shi ne yamma. Muka je tsohuwar gadar jirgin ƙasa da ke Fort Kearny, mutane sun cika da kyamarori, iska mai sanyi tana yankan fuska, kowa yana magana ƙasa-ƙasa. Kogin faɗi gare shi amma ba zurfi, duk tsibiran yashi, kuma a cikin wannan ruwan da bai wuce idon sawu ba suke kwana a tsaye don dabbobin daji ba sa iya zuwa musu ba tare da sun ji ba. Rana na gab da faɗuwa suka fara zuwa, layi bayan layi daga kowace kusurwa, sama ta yi baƙi, ga kukan nan kamar ana kaɗa gora a maƙogwaro, dubbai a lokaci ɗaya, har a ƙirji nake jin sa. Subhanallahi kawai nake ta faɗa. Dabino uku na aljihuna ma sai da abokina ya taɓa ni ya nuna min agogo sannan na tuna na buɗa baki.

Wata dattijuwa a gefena ta ce madatsun ruwa da noman rani sun rage ruwan kogin, bishiyoyi na cinye yashin, sai masu kula da wurin irin su Rowe Sanctuary, wata cibiyar kare tsuntsaye, su sa injina suna sharewa duk shekara. Nan take zuciyata ta tafi Hadejia da Nguru, dam ɗin Tiga da Challawa, da kachalla da ta toshe mana hanyoyin ruwa. Gaurakarmu mai kambi a kai 'yar'uwar waɗannan ce, kuma ni da na tashi a bakin fadama ban taɓa ganin ta da idona ba, a bakin kakata Hajiya kawai na san ta. Abin ya tsaya min a rai sosai.

A hanyar dawowa na tura wa Umma bidiyon. Ta turo murya tana cewa "Ikon Allah! Ɗan nan ka sa rigar sanyi kuwa? Gobe zan nuna wa Hajiya, ita ce za ta gane kukan." Na matsu gari ya waye in ji me Hajiya za ta ce.