Abin da na koya a injin casa bayan ambaliyar 2022

Shekara tara ke nan ina aiki a injin casar shinkafa a wani ƙauye gefen Haɗeja, littafin awo da mukullin sito duk a hannuna suke, yaran aiki goma sha ɗaya ne a ƙarƙashina. Da hannu kawai ina gane shanshera mai danshi. Amma mutum ya kusa salwanta a gabana ban gane ba, kuma wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Daminar 2022 kowa ya san yadda ruwa ya yi mana a Jigawa. Cikin yaran akwai wani magidanci mai ƴaƴa biyu, ya ci bashin taki da iri ya zuba a fadama, saura kaɗan a yanka ruwa ya shanye gonar kakaf. Daga nan ya canza. Mutumin da in ana lodi shi ke tsokanar ƴan dako har sai an yi ta dariya ya koma shiru, ya daina sa hannu a kwanon da muke ci tare, da rana sai ka same shi kwance kan buhuna don dare ba ya runtsawa, ya rame har wuya ya fito. Ni kuma me na yi? Faɗa. Har cewa na yi zan yanke masa kuɗin yini. Ranar da ya ɗan buɗe baki ya yi min maganar bashin, ce masa na yi sai haƙuri, ai kowa ma ruwa ya ci nasa. Gaskiya na faɗa, amma da wannan kalmar na rufe masa baki, bai sake ɗago min zancen ba.

Wata ranar Alhamis sai ga shi fuska a sake, ya miƙo min dubu biyun da nake binsa tun kafin salla, ya kyautar da rediyonsa ga ƙaramin yaron da ke kwasar ɓuntu, ya ce “Yaya in na taɓa yi maka laifi ka yafe min.” Har daɗi na ji, na ce ya warware. Da daddare nake ba ƙanwata labari, ita ma'aikaciyar lafiya ce a ƙaramin asibitin garinmu, ko gama magana ban yi ba ta ce “Yaya tashi ka je yanzu, ka tambaye shi kai tsaye.” Wai biyan bashi ba zato, da rabar da kaya, da neman yafiya, da natsuwar da ta sauko farat ɗaya bayan doguwar damuwa, duk alamu ne na mai ban kwana. Na ce in na furta ai sai in cusa masa tunanin. Ta ce a'a, an bincika an gano tambaya ba ta cusa shi, sauƙi ma mutum yake ji.

Na same shi a dakalin ƙofar gida bayan isha'i. Bakina ya yi nauyi sosai, amma na ce “Ƙanina, kana tunanin kashe kanka ne?” Ya daɗe bai ce uffan ba, sai na ga kafaɗarsa na rawa, ya fashe da kuka. Ban yi masa wa'azi ba, duk da abin na ta zuwa bakina. Ya san haramun ne, ya fi ni karatu ma, tsoron Allah ɗin ne ya riƙe shi har zuwa ranar. Saurare kawai na yi har wajen sha biyu, sannan na nemi izininsa na kira yayansa, muka kwana tare da shi, da safe muka nufi asibiti, daga can aka tura mu wurin likitan ƙwaƙwalwa a Kano. Ciwon damuwa ne, ciwo kamar hawan jini, kuma likita ya ja mana kunne maganin sai ya yi makonni kafin a ga amfaninsa, kar a yar da shi a satin farko.

Mu nan in aka ce Dawanau ko Kazaure sai a ce asibitin mahaukata, shi ya sa ake ɓoyewa, ko a ce rashin tawakkali ne. Ni dai na san Annabi Yaƙub ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, ba wanda ya ce imaninsa ya ragu. Ga kuma doka, sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Penal Code, ya tanadi ɗauri har shekara ɗaya ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, to wa zai fito ya faɗa? An dai samu ci gaba, a 2023 aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, amma labarinta bai iso ƙauye ba tukuna.

Da na dawo abu na farko da na yi, maganin feshin da Alhaji mai injin ke sayar wa manoma, wanda a da yake zube a kusurwar sito kowa na wucewa, na kwashe na zuba a akwatin ƙarfe na garƙame. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce sama da mutum 700,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kusan ɗaya cikin biyar ta irin waɗannan magunguna, yawanci a karkarar manoma irin tamu. Wannan tunanin sau da yawa kamar guguwa yake tasowa ya lafa, in babu komai kusa da hannu mutum kan tsira.

Alhaji, Allah ya saka masa, ya ba shi hutun sati uku ba a taɓa kuɗinsa ba, ya kuma shiga tsakani aka raba bashin zuwa girbin rani. Yanzu ya dawo kan inji, wata rana garau wata rana da nauyi, in ranar ganin likita ta zo ni nake tsaya masa a bakin injin har ya dawo.