Ƙarfin Hilux yana cikin haƙoran aksul ɗin baya

Yawancin masu kawo mana Hilux a garejinmu na Birnin Kebbi da niyyar ƙara mata ƙarfi, abu biyu ne a bakinsu: manyan tayoyi da salansa mai ruri. Ogan da na koyi aiki a hannunsa ba ya musu da kowa. Sai dai ya ce, "Alhaji, motar ga wace hanya za ta riƙa bi, kuma mi za ta ɗauka?" Wanda zai kwaso shinkafa daga fadamar Argungu ko albasa daga Aliero, buƙatarsa daban da ta mai sharara gudu a kwaltar Jega zuwa Yawuri.

A wurin ogan nan na koyi ƙirga haƙora. In ka buɗe ƙwaryar aksul ɗin baya, za ka tarar da babban faifai da ƙaramin finiyon mai juya shi. Faifai mai haƙori 41 da finiyon mai 10, lissafinsu 4.10 ke nan: farfela, wato sandar da ke kawo juyi daga giya zuwa aksul, ta juya sau huɗu da ɗan kai kafin taya ta zagaya sau ɗaya. Mai 43 da 10 shi ne 4.30, mai 41 da 9 kuma 4.56. Lamba na hawa, ƙarfin ja na ƙaruwa, amma inji zai riƙa kuka a doguwar tafiya, mai ma ya fi tafiya.

Nan ne babbar taya ke cutar mutane. Ka cire mai inci 31 ka sa mai 33, ka rage ƙarfin da ke isa ƙasa da kusan kashi 6 cikin ɗari, 4.10 ɗinka ta koma kamar 3.85. Mota ta yi kyau a ido, ta yi nauyin tashi da lodi, kuloci na shan wahala, maleji na nuna 100 alhali kana kan 106. Maganinta a sauya haƙora zuwa 4.30, ko 4.56 in mai lodi ce. In kuma motar mai fowil ce, wato mai ja da tayoyi huɗu, dole gaba da baya su zo lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa fowil giya za ta ɗaure. Ɗaurin sababbin haƙoran kansa aikin haƙuri ne. Mukan shafa fenti a haƙoran faifai, mu juya da hannu, mu duba inda finiyon ya goge. In shaidar ta zauna a tsakiyar haƙori, madalla. In ta zame gefe, a sake saiti, don aksul ɗin da aka ɗaure da gaggawa kuka zai yi ta yi har ya cinye kansa.

Sai zancen kafewa. Aksul na gama-gari yana tura juyi ga tayar da ta fi samun sauƙi, shi ya sa a taɓon damina taya guda ke wulwulawa, ɗayar na zaune. Akwai mai rage zamewa, wato LSD, mai raba ƙarfi da kansa, sai dai irin mai faranti a ciki yana son man giyarsa na musamman. Akwai kuma mai kulle tayoyin biyu, wanda sababbin Hilux da yawa ke zuwa da maɓallinsa. Ga mai shiga fadama ni makullin nake zaɓa, muddin direba zai tuna ya sake shi kafin ya hau kwalta.

Salansa ita ce ta ƙarshe a wurina. Injin fetur mai lita 2.7 da ya cika gari ba shi da tobo, wato na'urar da ke cusa wa inji ƙarin iska, in ka sa masa bututu mai faɗin gaske ƙara kawai za ka saya, wani lokacin ma jan ƙasa ya ragu. Mai dizal da tobo ya fi cin moriyar buɗe hanyar hayaƙi. Masu cewa a fasa a cire indomi kuwa, wato matatar hayaƙin da ke cikin salansa, mukan gaya masu tun wuri cewa fitilar inji na iya kamawa, hayaƙin kuma zai yi wari, sannan mu koma zancen tayar da suka sa.