Tsakar Rana a Kogin Usk

Duk wanda yake shirin zuwa kamun kifin tirawut da ƙwaron gashi, wato ƙugiyar da aka ɗaura wa gashi don ta yi kama da ƙwaro, a kogunan Wales da ke Birtaniya cikin watan Maris, ya sani cewa kuɗin da zai kashe da doguwar tafiyar da zai yi, sa'a guda kawai yake saye da su, wata rana ma ba ta cika sa'a ba. A Kogin Usk na ga haka da idona, a sashen da ke tsakanin Brecon da Crickhowell. Ana buɗe kamun tirawut a can ranar 3 ga Maris, kuma lasisin sandar fatsa da kuɗin sashen kogi, wanda na biya ta hannun gidauniyar Wye da Usk, ba su ba ni wata wahala ba.

Abokin tafiyata ya girme ni, mutumin Yawuri ne da ya tashi cikin masunta, kuma a wurinsa kifi na mai sammako ne. Saboda haka tun da hantsi bai yi ba muna tsaye cikin ruwan da ke ratsa wandon roba yana cizon ƙashi, muna jefa ƙwaro mai nauyi don ya nutse ƙasa, inda tirawut ke lafewa idan sanyi ya yi yawa. Babu ko motsi. Wajen sha biyu saura ya naɗe igiyarsa ya ce mu tafi gari mu ci abinci mai zafi. Na ce masa, "Yaya, ka yi haƙuri mu ƙara ko da rabin sa'a, an ce da tsakar rana ƙwarin ke fitowa." Ya ce yatsunsa sun daina jin sanda, ya kama hanyar mota.

Ina zaune a kan dutse ina shan shayi daga fulas sai na ga ƙananan tsuntsaye sun fara shawagi dab da ruwa. Can sai ga ƙwarin da masuntan ƙasar ke kira Large Dark Olive suna gangarowa ɗaya bayan ɗaya, fikafikansu a tsaye, sanyi ya hana su tashi da wuri. Bayansu March Brown suka ɓarke gaba ɗaya, manya ne masu launin ƙasa, kuma kogin da ya wuni shiru ya cika da da'irori. Kifayen da na ɗauka babu su suka taso saman ruwa suna cafkewa a bakin igiyar ruwa, wasu tsakanina da su bai kai tsawon sanda biyu ba. Hannuna na rawa na ɗaura busasshen ƙwaro, wato wanda ke tsayawa a saman ruwa ba ya nutsewa, mai ƙugiya lamba 12, na jefa shi sama da wani kifi da ke tasowa a wuri guda, na bar ruwa ya kawo masa. Ya buɗe baki ya ɗauka ba tare da gaggawa ba. Da na jawo shi cikin koma na ga cikinsa rawaya, gefensa da ɗigo baƙaƙe da jajaye, na zare ƙugiyar na sake shi. Kafin Yaya ya dawo komai ya lafa, kuma har yanzu raina yana sosuwa idan na tuna cewa kwanon miya ne ya raba shi da abin da muka yi tafiyar dominsa.

Don haka nake gaya wa kowa ya gina shirinsa a kan wannan ɗan lokacin. Babu amfanin sammako a Maris. A iso bakin kogi wajen ƙarfe goma, a zaɓi wuri mai kyau, a zauna ana kallo, kada a shiga ruwa a kori kifin kafin lokacinsa. Abinci da shayi su kasance a jaka, domin tsakanin sha ɗaya da biyu ba a barin kogi. Busasshen ƙwaro ya kasance a ɗaure tun kafin a ga na farko, saboda yatsun da sanyi ya kama ba sa ƙulli da sauri. Lokacin azahar yana shiga daidai wannan tsakani, amma akwai sarari kafin la'asar, kuma ni a bakin kogi na yi tawa bayan ruwa ya lafa.

Ruwan sama a duwatsun da ke sama da Brecon yana iya cika Usk ya gurɓata shi cikin dare guda, don haka a duba ma'aunin tsayin kogi a intanet kafin a kama hanya, a kuma bar rana ɗaya ta ko-ta-kwana. Wanda zai je bayan Lahadin ƙarshe ta Maris, lokacin da Birtaniya ke tura agogo gaba da sa'a ɗaya, ya jira ƙwarin daga sha biyu zuwa uku.